Étienne-Jules Marey

Étienne-Jules Marey (an haife shi ranar 5 ga Maris, 1830, ya rasu ranar 15 ga Mayu, 1904) likita ne ɗan ƙasar Faransa, masanin yadda sassan jiki ke aiki, kuma maƙerin na'urorin awo. An fi saninsa da fasahar da ake kira kronofotografi, wato ɗaukar hotuna masu yawa a jere, da tazarar lokaci sananniya tsakanin kowane hoto da na bayansa, domin a auna motsin da ya fi ƙarfin idon ɗan Adam. Yana cikin mutanen farko da suka sa zirin fim ya riƙa tafiya yana tsayawa a bayan gilashin kyamara guda ɗaya, shi ya sa sunansa ke fitowa a tarihin silima. Shi dai a wurinsa kyamara ma'auni ce kamar agogo ko sikeli, kuma ya daɗe yana fama da wannan tambaya: ta yaya za a sarrafa gudun fim har a san tabbas lokacin da aka ɗauki kowane hoto.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Marey a garin Beaune da ke yankin Burgundy, inda aka shahara da noman inabi. Mahaifinsa yana aiki ne a harkar cinikin ruwan inabi, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce. Tun yana yaro hannunsa ya faɗa kan ƙere-ƙere, ya so ya zama injiniya, amma mahaifinsa ya fi son ya karanci likitanci. A 1849 ya tafi Paris ya shiga makarantar likitoci, ya kammala digirinsa na dakta a 1859 da bincike kan zagayawar jini. Bai daɗe yana duba marasa lafiya ba. Injiniyan da ke cikinsa ne ya rinjayi likitan, ya koma ƙera na'urorin da za su sa jiki ya rubuta motsinsa da kansa.

Na'urorin da ke rubutu

A 1860 ya fito da na'urar auna bugun jini da ake ɗaurawa a wuyan hannu. Bajamushe Karl von Vierordt ya riga shi ƙera irinta, sai dai tasa babba ce mai nauyi. Ta Marey ƙarama ce: jijiya na tura wani siririn ƙarfe, ƙarfen na zana layi mai hawa da sauka a kan takardar da ke wucewa. Likitoci a ƙasashe da dama suka karɓe ta. Daga 1861 zuwa 1863 ya yi aiki da likitan dabbobi Auguste Chauveau, suka zura siraran bututu ta jijiyoyin wuyan doki har cikin zuciyarsa, dokin yana tsaye da ransa, suka rubuta yadda ƙarfin jini ke canzawa a ɗakunan zuciya da kowane bugu. A 1869 aka ba shi kujerar farfesa a Collège de France, a 1878 kuma ya zama ɗan Majalisar Kimiyya ta Faransa.

Babban kayan aikinsa a wannan zamani wata ganga ce ta ƙarfe da ke juyawa, an naɗe ta da takarda, an shafe takardar da baƙin hayaƙi. Duk abin da ya taɓa ta yakan bar farin layi. Amma layin ba ya faɗar komai sai an san saurin juyawar gangar. Don haka yakan kafa a gefe wani ƙarfe mai baki biyu irin wanda ake daidaita sautin kayan kiɗa da shi, wanda aka san yawan girgizarsa a sakan ɗaya, shi ma ya zana nasa layin. Sai a ƙirga a gwama. Da wannan dabara ya riƙe ƙwari ya bar bakin fukafukinsu yana shafar gangar, ya samu cewa ƙuda na kaɗa fukafuki kimanin sau 330 a sakan, ƙudan zuma kuma kimanin sau 190. Ya manna ɗan ɓawon zinariya a bakin fukafukin rina, ya haska shi, ya ga yana zana siffar lamba 8 a iska. Wannan ɗabi'a ta ajiye ma'aunin lokaci kusa da abin da ake aunawa ita ce ya ɗauka ya kai cikin ɗaukar hoto daga baya.

Ya kuma saka wa doki wasu ƙwallayen roba a ƙarƙashin kofato, da bututun iska da ke kai saƙo ga na'urar da mahayin ke riƙe da ita, ya rubuta lokacin da kowace ƙafa ke taɓa ƙasa a tafiya, da sassarfa, da sukuwa. Sakamakon ya fito a littafinsa La Machine animale na 1873, wanda aka fassara zuwa Turancin Ingilishi a 1874.

Sai dai hanyar tana da iyaka. Tsuntsun da aka ɗaura wa bututu da wayoyi ba zai tashi yadda yake tashi a sake ba. Marey yana neman hanyar auna motsi ba tare da ya taɓa mai motsin ba.

Hotunan Muybridge da bindigar hoto

A ƙarshen 1878 mujallar La Nature ta Paris ta buga hotunan doki yana gudu waɗanda Eadweard Muybridge ya ɗauka a Palo Alto, jihar Kalifoniya ta Amurka, da kuɗin attajiri Leland Stanford. Muybridge ya jera kyamarori goma sha biyu a gefen fage, kowace ta ɗauki hoto guda yayin da dokin ke wucewa. Hotunan sun burge Marey, ya nemi a yi irinsu a kan tsuntsaye. Da Muybridge ya zo Paris a 1881, a gidan Marey aka shirya masa taron manyan masana. Amma hotunan tsuntsayen da ya kawo ba su biya bukata ba, kuma tsarin kansa yana da aibi biyu ga mai son awo. Kowace kyamara daga nata wurin take kallo, don haka ba a iya ɗora hoto kan hoto a auna nisa. Na biyu, inda dabba ce ke tsinka zaren da ke harba kyamara, gudun dabbar ne ke yanke tazarar lokaci, alhali gudun ne ake son aunawa.

Marey ya yanke shawarar cewa gilashi ɗaya za a yi amfani da shi, daga wuri ɗaya, kuma inji ne zai raba lokaci. Ya ɗauki darasi daga masanin taurari Jules Janssen, wanda a 1874 ya ɗauki wucewar tauraruwar Zahra ta gaban rana daga ƙasar Japan da wata na'ura mai faranti mai juyawa. Ta Janssen a hankali take aiki. Marey yana bukatar hotuna da yawa cikin sakan guda, kuma sababbin farantan gilashi busassu da suka shigo kasuwa a lokacin sun kai saurin kama hasken da zai ba shi dama.

A farkon 1882, yana gidansa na Posillipo a birnin Naples na Italiya inda ya saba yin hunturu, ya kammala bindigar hoto. Siffarta ta bindiga ce sosai, da gindi da kunama, gilashin kyamara na cikin bututun. Idan aka ja kunama, injin agogo yakan juya farantin gilashi, ya tsaya sau 12 a sakan ɗaya, a kowace tsayawa haske ya shiga na kashi ɗaya cikin 720 na sakan. Da ita ya bi tsuntsayen teku suna tashi. Hotunan ƙanana ne, ba su wuce kan sarki ba, kuma goma sha biyu ne kawai. Ba a iya ƙara sauri sosai, domin gilashi yana da nauyi: abin da ke da nauyi ba ya son a tsayar da shi farat ɗaya, ba ya son a fizge shi farat ɗaya.

Tashar bincike da faranti mai tsayuwa

A shekarar 1882 ɗin ya kafa tashar binciken motsin jiki a filin da hukumar birnin Paris ta ba shi a Parc des Princes, inda filin wasan tanis na Roland Garros yake a yau. Mataimakinsa shi ne Georges Demenÿ, ƙwararre kan motsa jiki. A nan Marey ya kauce wa matsalar nauyi ta hanyar barin farantin a tsaye. A gabansa ya sa faifai mai tsaguwa yana juyawa da sauri daidai, kowace tsaguwa ta wuce sai haske ya shiga. Mutum sanye da fararen kaya yakan wuce ta gaban wata rumfa mai baƙin ciki ƙirin, sai siffarsa ta fito sau da yawa a jere a kan faranti guda.

Idan mutumin yana tafiya a hankali, ko aka ƙara yawan hotuna, siffofin sukan hau kan juna su cakuɗe. A 1883 ya magance wannan da sa wa mutumin baƙaƙen kaya daga kai har ƙafa, da fararen layuka a hannu da ƙafa da ɗigo a gaɓoɓi. Mutumin ya ɓace, layukan kawai suka rage, ana iya auna kusurwar gwiwa a kowane mataki. Da yawa daga waɗanda aka ɗauka sojoji ne daga makarantar motsa jiki ta soja da ke Joinville, domin bayan kayen da Faransa ta sha a yaƙin 1870 gwamnati ta damu da yadda soja zai yi doguwar tafiya da kaya ba tare da ya gaji da wuri ba.

Wannan hanya ba ta aiki ga abin da ke motsi a wuri guda, kamar hannu yana buɗewa ko kifi yana kaɗa jela. Dole abin da ke karɓar hoton ya matsa.

Sarrafa gudun fim

Matsalar tana da fuska biyu masu karo da juna. Lokacin da haske ke shiga, dole fim ya tsaya cak, in ba haka ba hoton zai shafe. Da haske ya yanke, dole fim ya matsa da tsawon hoto guda kafin tsaguwa ta gaba ta iso. A misali, idan ana son hotuna 50 a sakan, tsayawa da ɗauka da matsawa duka sai sun ƙare cikin kashi ɗaya cikin 50 na sakan. Idan tsawon kowane hoto santimita 5 ne, zirin zai ci mita biyu da rabi a sakan, kuma tun da wani ɓangare na lokacin a tsaye yake, gudunsa yayin matsawa ya fi haka nesa. Fizga irin wannan tana yaga takarda.

Ranar 29 ga Oktoba, 1888, Marey ya nuna wa Majalisar Kimiyya zirin takarda mai kama haske da aka ɗauki hotuna a kansa, 20 a sakan ɗaya. Maganaɗisun lantarki ne ke danne zirin ya tsayar da shi a daidai lokacin da tsaguwar faifai ke wucewa. A 1890 ya koma zirin seluloyid, wanda haske ke ratsawa kuma ya fi takarda ƙarfi, mai faɗin milimita 90, ya yi wa na'urar rajistar mallaka a watan Oktoba na shekarar. A wannan sabon tsari ana juya hannu ne, ƙafar da ke naɗe fim tana ja ba tsayawa, wani matsi na ƙarfe yana kama zirin na ɗan lokaci ya sake shi, wani sifirin mai lanƙwasa kuma yana shanye fizgar don kada zirin ya tsinke. Da irin wannan kyamara ya kai hotuna kamar 60 a sakan. Ziraran gajeru ne, don haka ɗauka takan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan, dole mai juya hannu ya kai cikakken sauri kafin a saki fim.

Zirin Marey ba shi da huji-huji a gefe. Matsi da gogayya ne ke riƙe shi, yakan ɗan zame, kuma yayin da naɗin ke ƙara kauri kowane juyi yakan ja fim fiye da na baya. Sakamakon shi ne tazarar da ke tsakanin hotuna a jikin zirin ba ta zama daidai ba. A nan ne masu tarihin silima suka saba cewa ya gaza, amma ya kamata a raba abu biyu. Tazarar wuri a kan fim daban, tazarar lokaci daban. Lokaci faifan mai tsaguwa ne ke yanka shi, kuma muddin faifan na juyawa daidai, hotunan suna da tazarar lokaci ɗaya ko da wani ya matsa kusa da ɗan'uwansa a jikin zirin. Mai bincike zai yanke su, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ya auna. Tun da hannun mutum ne ke juya injin, kuma hannu ba agogo ba ne, Marey yakan ajiye wani agogo mai baƙar fuska da farin hannu mai saurin juyawa a cikin abin da ake ɗauka, tare da ma'aunin tsawo a ƙasa. Kowane hoto yana ɗauke da shaidar lokacinsa. Dabarar gangar hayaƙi ce ta dawo a sabuwar siffa.

Da wannan kyamara ya ɗauki dawaki, da karnuka, da tsuntsaye, da halittun ruwa a Naples, ya haɗa ta da madubin ƙara girma ya ɗauki ƙananan halittu. Littafinsa kan tashin tsuntsaye, Le Vol des oiseaux, ya fito a 1890, sai Le Mouvement a 1894. A 1894 ɗin ne ya ɗauki kyanwa da aka saki ƙafafu sama. Masana lissafin motsi da dama sun ɗauka cewa ba za ta iya juyawa a iska ba sai ta tokari hannun mai riƙe da ita. Hotunan suka nuna ta fara faɗowa ba tare da wani juyi ba, sannan ta murɗa gaban jikinta, ta bi da bayan, tana janye ƙafafu tana miƙe su, ta sauka a kan ƙafafunta. An yi muhawara a kan hotunan a Majalisar Kimiyya, kuma cikakken bayanin lissafin bai samu ba sai bayan shekaru masu yawa.

Rabuwa da Demenÿ da zuwan silima

Inda rashin daidaiton tazara ya zama cikas na gaske shi ne wajen haska hotunan a bango. Idan hoto bai faɗa daidai inda na bayansa ya faɗa ba, abin da ake gani zai yi ta tsalle. Marey ya gwada na'urar haskawa a 1892 don ya ga motsi a hankali, bai samu yadda yake so ba. Demenÿ kuwa ya hango kasuwa. A 1892 ya yi rajistar Phonoscope, na'urar nuna fuskar mutum yana magana, ya kafa kamfani a kanta, a 1893 kuma ya yi rajistar wata dabarar jan fim da sunansa, wani ƙarfe mai juyawa a karkace da ke bugun zirin ya ja shi. Marey bai ji daɗin haka ba, suka rabu a 1894. Daga baya Léon Gaumont ya karɓi na'urorin Demenÿ ya shiga harkar fim da su.

Thomas Edison ya gana da Marey a Paris lokacin babban baje kolin 1889. A ma'aikatarsa ta Amurka, shi da William Dickson suka yi amfani da fim mai faɗin milimita 35 da huji a gefe, haƙoran inji na shiga hujin suna jan fim da tsawo ɗaya kowane lokaci. 'Yan'uwan nan Auguste da Louis Lumière suka ƙera nasu injin mai ƙugiya da ke shiga huji ta ja fim ta sake shi, suka nuna fim ga masu biyan kuɗi a Paris ranar 28 ga Disamba, 1895, da hotuna kamar 16 a sakan. Marey bai ɗauki wannan a matsayin ci gaban kimiyya ba, domin abin da ido ya riga ya gani ne ake sake nuna masa. Amfanin kyamara a ganinsa shi ne ta rage saurin abin da ya yi wa ido sauri, ko ta ƙara saurin abin da ya yi masa nawa. Lissafin mai sauƙi ne: abin da aka ɗauka da hotuna 60 a sakan aka nuna da 15, zai bayyana da kashi ɗaya cikin huɗu na saurinsa.

Shekarun ƙarshe

Ya shugabanci Majalisar Kimiyya a 1895, da Majalisar Likitoci ta Faransa a 1900. A 1899 ya sake ƙera bindigar hoto, wannan karon mai aiki da lantarki da fim na milimita 35. A gasar Olamfik ta Paris a 1900 ya ɗauki 'yan wasa don nazarin salon gudunsu da tsallensu. Aikinsa na ƙarshe mai girma kan iska ne. Daga 1899 zuwa 1901 ya gina akwati mai bangon gilashi inda siraran layukan hayaƙi, fiye da hamsin a na'urar ƙarshe, ke gangarowa a jere, ya sa abubuwa masu siffofi daban-daban a hanyarsu ya ɗauki yadda iska ke kewaye su. A nan ma bai bar lokaci ba: wata na'urar lantarki tana girgiza bututun hayaƙin sau 10 a sakan, layukan su yi 'yan lanƙwasa, daga nisan da ke tsakanin lanƙwasa biyu a san gudun iskar. Samuel Langley na cibiyar Smithsonian ta Amurka, mai neman ƙera jirgin sama, ya taimaka da kuɗin aikin.

A taron masana aikin jiki na duniya da aka yi a Cambridge ta Ingila a 1898, Marey ya nemi a kafa hukumar da za ta daidaita na'urorin awo, domin sakamakon wani ɗakin bincike ya yi daidai da na wani. Daga nan aka samu Cibiyar Marey, kusa da tsohuwar tasharsa. Ya rasu a Paris ranar 15 ga Mayu, 1904, yana da shekara 74, mako guda bayan rasuwar Muybridge, wanda shi ma a 1830 aka haife shi.

Bayan rasuwarsa

Wanda ya ci gaba da aikin saurin ɗauka shi ne Lucien Bull, haifaffen Dublin a 1876, wanda ya shiga aiki da Marey a 1895. Bull ya gane cewa tsayar da fim yana da iyakar da ba za a wuce ba, sai ya daina tsayar da shi. Ya naɗe zirin a jikin ganga mai juyawa ba tsayawa, ya haska abin da ake ɗauka da tartsatsin lantarki, wanda gajartarsa ta kai fim bai matsa abin a zo a gani ba kafin hasken ya mutu. A wajen 1904 yana ɗaukar ƙwari suna tashi da hotuna fiye da 1,000 a sakan. Ya zama shugaban cibiyar daga baya, ya rasu a 1972.

Kyamarorin bincike na ƙarni na 20 sun bi waɗannan hanyoyi biyu. Masu tsayar da fim a kowane hoto sun tsaya a 'yan ɗaruruwan hotuna a sakan. Masu barin fim yana gudu, ko dai da walƙiyar haske irin wadda Harold Edgerton ya inganta a Amurka a shekarun 1930, ko da gilashi mai kusurwoyi da ke juyawa yana sa hoton ya bi fim, kamar kyamarar Fastax, sun kai dubbai. A irin waɗannan fim yakan fara a hankali ya yi ta ƙara gudu har naɗin ya ƙare, don haka ana sa ƙaramar fitila tana ƙyaftawa da ƙayyadadden sauri tana barin ɗigo a gefen fim, mai bincike ya ƙirga hotunan da ke tsakanin ɗigo biyu ya san ainihin saurin ɗauka a wannan wuri.

Hotunansa na faranti mai tsayuwa sun kuma shiga duniyar masu zane. Marcel Duchamp ya ambaci kronofotografi cikin abubuwan da suka yi tasiri a zanensa na 1912 na mutum yana saukowa daga matakala, haka nan ana ganin salon a ayyukan ɗan Italiya Giacomo Balla.